Shin Ruwa Yana da Asali?

Ranar 29 ga watan Yuli na shekarar 2006, mutanen garin Toowoomba da ke jihar Queensland a ƙasar Ostireliya suka fita kaɗa ƙuri'a a kan abin da zai riƙa fitowa daga famfunansu. Fari ya daɗe yana gasa yankin, madatsun ruwan garin sun ja baya matuƙa. Majalisar garin ta zo da shawara: a ɗauki ruwan da ke fita daga bandakuna da wuraren wanka da wanke-wanke, a tace shi da na'urori hawa-hawa har ya fi na madatsa tsabta, a zuba shi cikin madatsar ya gauraya, sannan a sake tacewa a turo wa mutane. Masana sun yi bayani iya bayani. Masu adawa kuwa ƙungiya suka kafa, suka raɗa mata sunan da ke nufin 'yan gari masu ƙin shan ruwan masai, suka bar sunan ya yi musu rabin aikin. Da aka ƙirga ƙuri'u, kashi 62 cikin 100 sun ce ba su yarda ba. Daga baya sai da aka janyo bututu daga madatsar Wivenhoe aka hauro da ruwa kan tsauni, a kan kuɗin da ya ninka na shawarar farko fiye da sau biyu.

Kafin mu yi musu dariya, mu ɗan gwada kanmu. A ce an ajiye mana kofi biyu. Na farko daga rijiyar gida aka ɗebo shi, wadda tsakaninta da masan maƙwabta bai fi taku goma ba, kuma babu wanda ya taɓa auna ruwanta. Na biyu an auna shi a ɗakin gwaji an tabbatar babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki, sai dai an gaya mana jiya war haka yana cikin kwata. Mafi yawanmu na farkon za mu ɗauka, mu yi bisimilla mu kurɓa hankali kwance. Ba wai don ba mu fahimci bayanin ba ne. Mun fahimta sarai, maƙogwaro ne ya ƙi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Paul Rozin, ya gwada wannan abu shi da abokan aikinsa a shekarun 1980. Sukan tsoma mataccen kyankyaso, wanda aka riga aka kashe duk wata ƙwayar cuta da ke jikinsa, a cikin kofin lemo, su cire, su miƙa wa mutum. Mutumin ya ga komai da idonsa, an gaya masa babu cutarwa, amma sai sha'awar lemon ta fita daga ransa. Abin da Rozin ya lura da shi shi ne zuciyar mutum tana aiki da wata tsohuwar doka da ba ta jiran hujja: abin da ya taɓa ƙazanta sau ɗaya, ya taɓa ta har abada.

Mu ba baƙin wannan doka ba ne, har kalma muke da ita da ta dace da ita, wato asali. Saurayi zai yi ilimi, ya yi sana'a, a shaidi halinsa a unguwa, amma ranar da aka je neman aure sai wata tsohuwa ta tuna cewa kakan kakansa bawa ne, ko gidansu gidan fawa ne, shi ke nan zance ya mutu. Wanda ya fito daga gidan yari zai shekara ashirin yana zaman lafiya da kowa, amma ranar da akuya ta ɓata shi za a fara kallo. Ba zancen mutane ya kawo mu ba, sai dai tambayar iri ɗaya ce, kuma yana da kyau mu san cewa da muka zo kan ruwa ba da hannu wofi muka zo ba. Da me ake yi wa abu hukunci, da inda ya fito ko da yadda yake a yanzu?

Abin mamaki, karatun da aka yi mana tun muna yara bai goyi bayan maƙogwaronmu ba. A babin tsarki na fiƙihun Malikiyya, abubuwa uku ake duba wa a jikin ruwa: launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa. Ba a tambayar ruwa gidan su wa ya kwana. Ana duba halin da yake ciki ne lokacin da za a yi amfani da shi. Malamai suna da saɓani a kan rassan mas'alar, amma tushen ke nan. A shekarar 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta zauna a kan wannan batu kai tsaye, ta yanke cewa gurɓataccen ruwa idan aka tace shi har najasar ta fita daga launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, ya koma mai tsarki, ana alwala da shi, ana ma iya shansa muddin ba zai cutar da lafiya ba. Sai dai fatawar ta ƙara da cewa in da hali an fi so a kauce wa shan, don kiyaye lafiya da kuma don abin da rayukan mutane ke ƙyama. Wannan ƙarin yana burge mu. Malaman ba su ce ƙyanƙyami hukunci ne ba, ba su kuma ce wauta ne ba. Sun ba shi matsayinsa na abin da ake lallaɓawa.

Ilimin kimiyya ma bai san wani abu wai shi sabon ruwa ba. Ruwan da ke duniya shi ne dai yake ta zagaye, daga teku zuwa gajimare, daga gajimare zuwa ƙasa, ta cikin saiwa da hanji da mafitsara, ya sake komawa. A tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda kai lita ɗaya ta ruwa ke cin maƙudan kuɗi, hukumar NASA ta sanar a 2023 cewa sun kai ga dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan da 'yan sama-jannati ke fitarwa, har da fitsari da gumi da tururin numfashi. Abin da suke yi a cikin kwanaki shi ne abin da rana da ƙasa ke yi mana a cikin shekaru ba tare da sun nemi izininmu ba.

To in haka ne, me ya sa wasu ƙasashe suka tsallake wannan shinge, wasu suka tsaya a bakinsa? Amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙishirwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Windhoek, babban birnin Namibiya, yana kan tudu ne a tsakiyar ƙasa mai fari. Ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimita 400 ba, ko Yamai ta fi shi samun damina, kuma rana tana shanye mafi yawan abin da aka tara a madatsa. Kogunan da ba sa ƙafewa suna can kan iyakokin ƙasar, ɗaruruwan kilomita daga birnin. A 1968, tun ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Afirka ta Kudu, aka buɗe matatar Goreangab, wadda ita ce ta farko a duniya da ke tace ruwan da ya fito daga gidaje ta mayar da shi cikin ruwan sha kai tsaye. A 2002 aka buɗe sabuwa mai iya fitar da lita miliyan 21 a rana. Yau fiye da shekara 50 ke nan mutanen wannan birni na Afirka suna shan abin da mutanen Toowoomba suka ƙi, kuma ba a taɓa danganta ɓarkewar wata cuta da wannan ruwa ba. Ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikin farko, Lucas van Vuuren, ana yawan tuna shi da cewa ruwa da ingancinsa ake auna shi, ba da tarihinsa ba. Da ya zauna a zauren malam, da an ce masa ai mas'alar tana babin farko.

Singafo kuwa ba ta rasa ruwan sama ba. Tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara, abin da ta rasa shi ne filin da za ta tara shi. Tsibiri ne ƙarami, kuma tun zamanin Turawa ta bututu ake kawo masa ruwa daga jihar Johor ta Malesiya. A 1942, lokacin da sojojin Japan suka kama madatsun tsibirin, matsalar ruwa tana cikin abubuwan da suka sa Ingila ta miƙa wuya da wuri. Da aka raba Singafo da Malesiya a 1965, sai ga ƙasa mai 'yanci wadda makullin famfonta ke hannun maƙwabciya. Yarjejeniyar ruwa ta 1961 ta ƙare a 2011, ta 1962 za ta ƙare a 2061, kuma an sha yin cacar baki a kan farashi, musamman a zamanin Mahathir Mohamad. Saboda haka abin da ya tura Singafo tsoro ne, tsoron ranar da za a yi faɗa a murɗe makulli. A bikin ranar ƙasa na 2002 Firaminista Goh Chok Tong ya ɗaga kwalbar ruwan da aka tace daga magudanan birnin ya sha a gaban jama'a, aka raba wa 'yan kallo dubban kwalabe. Suka sa masa suna NEWater, suka daina cewa ruwan ƙazanta suka koma cewa ruwan da aka yi amfani da shi, suka gina wurin da ake kai 'yan makaranta su ga yadda ake tacewar. Yanzu wannan ruwa yana iya biyan har kashi 40 cikin 100 na buƙatar ƙasar.

Akwai wani ɓangare na labarin Singafo da ya shafi wayar da ke hannun mai karatu. Mafi yawan wannan ruwa ba famfon gida yake zuwa ba, masana'antu yake tafiya, musamman masu ƙera 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin waya da kwamfuta, domin su ne ke buƙatar ruwan da ya fi na sha tsabta nesa ba kusa ba. Wato ruwan da mutum zai yatsina fuska a kansa, shi ne wanda ya isa a wanke abin da ƙwayar ƙura ɗaya ke lalatawa.

Sauran dalilan ba sai mun daɗe a kansu ba. A gundumar Orange ta jihar Kalifoniya, ruwan teku ne ya fara kutsowa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa saboda yawan zuƙa, sai suka koma tura tataccen ruwa cikin ƙasa don ya tare gishirin ya kuma cike gurbin abin da aka zuƙe. Tsarin da suka buɗe a 2008 yanzu yana fitar da kusan lita miliyan 490 a rana. Isra'ila tana sake amfani da kusan kashi 90 cikin 100 na gurɓataccen ruwanta, galibi a noma. Jodan tana tace na Amman da Zarƙa a matatar As-Samra ta tura wa manoman kwarin Jodan, don ruwa mai daɗi ya rage wa masu sha. Tarayyar Turai ta kafa dokar bai-ɗaya ta ban-ruwa da tataccen ruwa wadda ta fara aiki a 2023, bayan farin da ke ta maimaituwa a kudancin nahiyar.

Wani abu a tsarin Orange da na Singafo ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan yana fitowa daga na'ura tas, ya fi na madatsa da na ƙarƙashin ƙasa tsabta. Amma kason da za a sha sai an zuba shi a madatsa ko an tura shi cikin ƙasa tukuna, ya haɗu da laka da ganye da kashin tsuntsu, sannan a sake ɗebowa a sake tacewa. Injiniyoyi suna da hujjarsu, wai hakan yana ba da tazarar lokaci idan wani abu ya lalace. Gaskiya ne. Amma kowa ya san akwai hujja ta biyu: ana kai ruwan ne ya yi wankan asali. In ya kwana a tafki ya fito, sai zuciya ta karɓe shi a matsayin ɗan tafki. Mun fi son a ɗan ɓata mana ruwa muddin za a canza masa dangi.

Sai dai ƙishirwa da tsoro ba su gama bayanin ba, domin Toowoomba ma tana jin ƙishirwa ranar da ta ce a'a, kuma birane da yawa da suka fi Windhoek wahalar ruwa ba su ko fara zancen ba. A nan ne muke ganin ya kamata a yi wa ƙyanƙyami adalci.

Mu da muke rubuta manhaja akwai ƙa'idar da ɗan koyo ke sha tun da wuri: duk bayanin da ya shigo daga waje, kada ka yarda da shi don ya ce daga gidan mutunci ya fito, bincika shi. Wannan ita ce maganar van Vuuren da wasu kalmomi. Amma akwai darasi na biyu wanda sai an daɗe a aikin ake koyonsa, shi ne binciken kansa wani ne ya rubuta shi, wani ne ke kula da shi, kuma yana iya mutuwa shiru ba wanda ya sani. Gina tsari shi ne ɓangare mai sauƙi, ranar buɗewa kowa yana nan da babbar riga. Wahalar tana shekara ta bakwai, ƙarfe uku na dare, lokacin da ƙararrawa ta buga kuma wanda ke bakin aiki bai ga albashi ba wata biyu. Launi da ɗanɗano da wari kowa yana iya dubawa da kansa. Dalma da sinadarin kuromiyam na jimar fata da ƙwayoyin cutar hanta ba su da launin da ido zai kama a cikin kofi. Saboda haka wanda aka ce ya auna ruwa da ingancinsa, a zahiri ce masa aka yi ya yarda da mutumin da bai taɓa gani ba, wanda ya ce ya auna.

Ba ko'ina ne wannan yarda take da tushe ba. A garin Flint na jihar Michigan ta Amurka, an sauya wa mutane tushen ruwa a 2014, dalma ta riƙa narkewa daga tsofaffin bututu tana shiga jinin yara, mutane suna kai ƙara da kwalaben ruwa mai launin ƙasa, jami'ai suna cewa lafiya lau. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji a kowane lungu. To ina ga garuruwanmu, inda famfo kan shekara bai ɗiga ba, inda wuta ke ɗaukewa a tsakiyar aikin tiyata, inda kuɗin sayen sinadarin tace ruwa ke iya maƙalewa a teburin wani? Uwar da ta ce ba za ta ba ɗanta ruwan da aka tato daga masai ba, ko da an rantse mata, ba jahilci take nunawa ba. Lissafi ta yi da abin da ta sani game da masu rantsuwar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma rashin yarda ma haka.

Abin da Windhoek ta yi, wanda ba a cika faɗa ba saboda ba shi da daɗin labari, shi ne ta gina tsarin a kan zaton cewa wani abu zai lalace. Dagwalon masana'antu ba ya haɗuwa da ruwan gidaje, hanyarsa daban, matatarsa daban. Ruwan gidajen yana bi ta shinge bayan shinge, ta yadda in ɗaya ya gaza na gaba zai tare. Na'urori suna aunawa dare da rana, kuma ruwan da bai cika sharaɗi ba a wani mataki ba ya wucewa zuwa gari. A nan aka samo yardar, a cikin shekaru masu yawa na aikin da ba a yi masa biki. Kwalbar da Firaministan Singafo ya sha ta yi tasiri ne saboda mutanen da ke kallonsa sun riga sun saba buɗe famfo su ga ruwa, su sha ba su kwanta ba. A wani wurin, shugaba zai sha kwalba goma a gaban kyamara, jama'a su ce ai daga gida ya zo da ita.

Zuwa nan kamar mun wanke ƙyanƙyami. Amma yana da wani babban aibi: abin da aka gaya masa kawai yake ƙi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na gurɓataccen ruwan duniya ana sakin sa ne ba tare da an tace ba. Ba ɓacewa yake yi ba. Kogin Kwara yana wuce Bamako ya kwashi nata, ya wuce Yamai ya kwashi nata, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, na ƙasa yana shan abin da na sama ya zubar, shi ma ya zuba wa na ƙasa da shi. Rijiyar da muka zaɓa a kofin farko, damina ɗaya ta isa ta haɗa ta da masan maƙwabci ta ƙarƙashin ƙasa, kuma daga nan ne amai da gudawa ke samun hanyar shiga unguwa. Duk wanda ke zaune a birni yana sake amfani da ruwan wani. Bambancin kawai, wasu an tace musu an gaya musu, wasu ba a tace ba ba a kuma gaya musu ba.

A Kano ba sai an je da nisa ba. Rafin Jakara ya ratsa tsohon birni ya kwashi ruwan kwatocin unguwanni, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ya gangara madatsar Wasai. A gefensa, rani da damina, akwai lambuna kore shar na latas da kabeji da alayyafo da karas, ana ba su ruwa daga rafin. Masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna auna ƙasar wurin da ganyen suna samun ƙarafa masu guba. A Yamai haka lambunan bakin Gunti Yena suke, haka abin yake a Kumasi da Akara. Mutumin da zai tashi daga kan tabarma in aka ce masa ruwan kofinsa ya taɓa bi ta kwata, shi ne zai sa a ƙara masa latas a kan shinkafa da wake. Ƙyanƙyaminmu bai hana ruwan kwata shiga cikinmu ba. Abin da ya hana shi ne a zauna a yi maganarsa a fili, balle a ware masa kuɗi.

Ga shi kuma a gidajenmu ba mu taɓa ɗaukar ruwa abin amfani sau ɗaya ba. Ƙasarin da aka wanke gero da shi na akuya ne. Ruwan ɗaurayar kaya shi ake yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Ruwan alwala yana gangarawa gindin bishiya. Manoman kewayen Kano sun shekara aru-aru suna ɗaukar takin birni a kan jakuna suna kai wa gonakinsu. Wanda ya sayi ruwa a hannun ɗan garuwa ba sai an yi masa lacca a kan tattali ba. Abin da ya canza shi ne girman birni da irin abin da ke shiga kwata, domin kakanninmu ba su san batir da man inji da sinadaran jima na zamani ba.

Mafita mai sauƙi a baki ita ce a kori manoman bakin rafi. Ba mu ga adalci a cikinta ba. Ba su ne suka ɓata ruwan ba, gidajenmu da masana'antun da ke sama da su ne, su ne ma suka fi kowa shan cutarsa tunda ƙafarsu da hannunsu a ciki suke wuni. Kuma a wurinsu wannan ruwa dukiya ne, ba ya ƙafewa da rani, yana zuwa da takinsa. A kwarin Mezquital na ƙasar Meziko, manoma sun fi shekara 100 suna noma da ɗanyen ruwan magudanan babban birnin ƙasar, har wurin da yake busasshe ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noma na yankin. Da aka gina katafariyar matatar Atotonilco don a tace ruwan kafin ya iso gare su, wasu manoman ƙorafi suka yi, domin tacewar tana rage takin da suke samu kyauta. Mai kallo daga birni zai ce wane irin mutane ne ke kukan an tsabtace musu ruwa. Mai sayen buhun taki ba zai yi wannan tambayar ba.

Daga nan wata tambayar ke ɓullowa, wadda muke ganin ta fi ta ƙyanƙyami nauyi: ruwan kwata na wane ne? Muddin yana wari, na talaka ne, babu mai yi masa gardama a kansa. Ranar da aka tace shi ya zama abin sayarwa, masu kuɗi za su gano hanyarsa. A Taiwan, lokacin farin 2021, gwamnati ta dakatar da ban-ruwa a dubban hektocin gonaki tana biyan manoma diyya, yayin da kamfanonin ƙera ƙwaƙwalen na'ura suka ci gaba da aiki har da tankokin ruwa. Shekara guda bayan haka kamfanin TSMC ya buɗe matatar sake tace ruwa a Tainan. Ana iya cewa hakan zai rage gasa da manoma, kuma wataƙila haka ne, amma farin ya riga ya nuna wanda ake fara yanke wa in abu ya yi ƙaranci. Isra'ila da duniya ke zuwa koyon fasahar ruwa a wurinta tana iyaka da Gaza, inda tun kafin yaƙin 2023 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan ƙarƙashin ƙasa bai dace da sha ba. Iya tace ruwa fasaha ce, raba shi kuwa wani ilimi ne daban da na'ura ba ta koyarwa.

Shi ya sa ba ma ganin tambayar da ke gaban Kano ko Yamai ko Kaduna a yau ita ce ko za mu yarda mu sha. Babu ma wanda ya yi mana tayin, kuma birnin da bai iya kai ruwan madatsa gidaje ba bai kai matsayin ya nemi irin wannan amanar ba. Abin da ke gabanmu ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi gaggawa. Na farko shi ne abin da Windhoek ta fara da shi, a raba dagwalon masana'anta da ruwan gidaje, domin ƙwayar cuta tana mutuwa da rana da lokaci da wuta, amma ƙarfe mai guba in ya shiga ƙasar lambu ya zauna ke nan, wanki da dafuwa ba sa fitar da shi daga ganye. Wanda ya zuba shi ne ya kamata ya biya kuɗin tare shi a bakin ƙofarsa. Sauran kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta tsara su a ƙa'idojinta na 2006, don wuraren da babbar matata ba za ta samu nan kusa ba: tafkunan da ruwa zai kwanta ya lafa kafin ya isa lambu, ban-ruwa ta kwari a gindin shuka maimakon watsawa a kan ganye, dakatar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin a cire kaya, takalmin roba ga manomi, wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta a kasuwa da gida. Babu ɗaya a ciki da ya isa shi kaɗai, haɗuwarsu ce ke rage cuta, kamar dai shingayen Goreangab amma da kuɗin da ƙaramar hukuma za ta iya.

Sai kuma awo. A auna ruwan rafin da ganyen da ke zuwa kasuwar 'Yankaba a kai a kai, a buga sakamakon inda kowa zai gani a wayarsa, ranar da ya yi kyau da ranar da ya yi muni. Ta ɓangaren manhaja wannan aikin 'yan makonni ne, mun san haka. Abin da ke da wuya shi ne a sami hukumar da za ta yarda a ga lambar ranar da ta yi muni. Idan kuma wata rana aka zo gina matata a kan Jakara, akwai takardar da ya kamata a sa wa hannu tun kafin a aza tubalin farko, wadda za ta faɗi lita nawa daga cikin tataccen ruwan zai ci gaba da gangarawa lambunan mutanen da suka yi shekaru suna noma da shi tun yana baƙi, da kuma nawa za a ce su biya.